Marseille: me za a ci, ina za a leƙa?

Marseille shi ne birni na biyu a yawan jama'a a Faransa bayan Paris, kuma yana bakin tekun Bahar Rum. Girkawa ne suka kafa shi wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), don haka ya fi kowane babban birni na ƙasar tsufa. Ga amsar wasu tambayoyi da mai shirin zuwa kan yi.

Idan na sauka, daga ina zan fara?

Jirgin ƙasa na TGV yana ɗaukar awa uku da ɗoriya daga Paris, ya ajiye ka a tashar Saint-Charles. Ka gangara da ƙafa zuwa tsohuwar tashar jiragen ruwa, Vieux-Port. Da safe za ka tarar da masunta sun baje kifin da suka kamo a bakin ruwa, wani ma yana motsi. Daga nan bas mai lamba 60 zai hau da kai tudun da cocin Notre-Dame de la Garde yake, wanda aka buɗe a 1864. Ko ba ka shiga ciki ba, daga farfajiyarsa kana hango garin baki ɗaya da tsibirai da filin wasa na Vélodrome. A ganina ranar farko ya kamata a hau can, domin daga nan ne ake gane yadda garin yake kwance.

Musulmi zai samu abincin halal ba tare da wahala ba?

Ƙwarai kuwa. A nan ne Marseille ya fi garuruwan Turai da yawa daɗin zama ga baƙo irinmu. Mutanen Aljeriya da Tunisiya da Maroko da tsibiran Komoros sun daɗe a garin, 'ya'yansu da jikokinsu nan aka haife su. Unguwar Noailles, tafiyar 'yan mintoci daga Vieux-Port, kasuwa ce ta gaske: mahauta masu naman halal, dabino, zaitun, kayan yaji a buhuna, gurasa da zafinta, ga gidajen abinci masu dafa kuskus da naman rago, a kora da shayi mai na'ana'a. Akwai cunkoso da hayaniya, ba a gyara wurin don 'yan yawon buɗe ido ba, kuma abin da ya sa nake son sa ke nan.

A sauran gidajen abinci sai ka lura da takardar jerin abinci. Inda ka ga "jambon" ko "lardons", naman alade ne. Pastis kuma, ruwan nan mai fari-fari da ake sha a bakin titi da yamma, giya ce. Lokacin abinci ma a ƙayyade yake: na rana daga sha biyu zuwa biyu, na dare daga wajen bakwai.

Bouillabaisse da ake ta zuzutawa ta ci kuɗinta?

Asalinta romon masunta ne, ana haɗa shi da kifin da bai sayu ba, musamman ƙananan kifayen da ke zama cikin duwatsun gaɓa, a zuba tumatir da tafarnuwa da man zaitun da za'afaran. Yau ta koma abincin masu hannu da shuni. A 1980 wasu masu gidajen abinci sun rattaba hannu kan yarjejeniyar yadda ya kamata a dafa ta, saboda jabu ta yi yawa. Ta gaskiya kashi biyu ake kawo ta: da farko romo da gasasshen burodi da miyar tafarnuwa mai yaji, sannan kifin, a yanka shi a gabanka. Wadda ka ga ana tallarta da araha a bakin ruwa, ka wuce. In aljihu zai ɗauka, a ci ta sau ɗaya a wurin da ya iya, a kuma tambaya tukuna, don wasu masu dafuwa kan ɗiga giya a romon.

Mai ƙaramin ƙarfi fa?

Ya nemi panisse, wanda ake yi da garin wani nau'in wake, a dama shi ya daskare, a yanyanka a soya, kusan yadda ake awara. Unguwar L'Estaque ta yi suna da shi. Akwai kuma navettes, biskit mai siffar kwalekwale da ƙanshin furen lemo, wanda gidan Four des Navettes ke gasawa tun 1781.

Bayan cikin gari, ina kuma?

Jirgin ruwa daga Vieux-Port zai kai ka Château d'If, ganuwar da aka gina a ƙarni na 16 a kan ɗan tsibiri, daga baya ta zama kurkuku. Idan iska mai ƙarfi da ake kira Mistral ta taso, ana iya soke tsayawa a can. A kudu kuma akwai Calanques, lungunan teku tsakanin fararen duwatsu, da aka mayar gandun ƙasa a 2012. A watannin zafi akan rufe wasu hanyoyinsa saboda gobarar daji, don haka a bincika kafin a fita, a riƙe ruwa da takalmi mai ƙwari. Gidan tarihi na Mucem, wanda aka buɗe a 2013, da tsohuwar unguwar Le Panier suna kusa da juna, rana ɗaya ta ishe su.

Wace tsaraba zan riƙo?

Sabulun Marseille, dunƙule mai kusurwa huɗu da aka buga wa hatimin 72%, wato yawan man da ke cikinsa. Muna da hannu a tarihinsa: tun ƙarni na 19 jiragen ruwa ke sauke gyaɗar Afirka ta Yamma a wannan tasha, masana'antu su matse mai, wani a yi sabulu da shi. Kamfanin kasuwanci na CFAO da aka daɗe da sani a ƙasashenmu ma a Marseille aka kafa shi a 1887. Ba kowane sabulun da ke ɗauke da sunan garin aka yi a can ba, gara a saya a shagon masana'antar da ke yin sa.

Batun tsaro fa?

Labarin rikicin masu ƙwaya gaskiya ne, amma ya fi yawa a wasu unguwannin arewacin birnin da baƙo ba shi da abin yi a cikinsu. Abin da zai fi shafarka 'yan sane ne a tasha da kasuwa da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ka bar fasfo a masauki, ka riƙe kwafinsa, waya kuma a aljihun gaba.