Waiwaye: Yadda shawarar kiwo ta ratsa zaure ta cikin wayar salula

A yawancin gidajen karkara na ƙasar Hausa, shanun noma na maigida ne, amma akuya da tunkiya da kaji na matan gida ne. Mace ce ke jiƙa dusa da sassafe, ta zuba harawa a turke, ta buɗe akurki. Ita ke fara lura idan akuya ta koma gefe ta sunkuyar da kai, majina na zuba, ta ƙi taɓa abinci. Da kuɗin akuyar nan ake zubin adashi, ake haɗa wa 'ya kayan ɗaki, ake kai yaro asibiti idan zazzaɓi ya yi tsanani. Duk da haka, shekara da shekaru ilimin kiwo na zamani a zaure yake tsayawa, a wajen wanda ba shi ke kula da dabbar ba.

Abin ya samo asali tun daga yadda aka tsara aikin malaman gona. A tsakiyar shekarun 1970 aka buɗe manyan shirye-shiryen bunƙasa noma a Funtuwa da Gusau da Gombe da tallafin Bankin Duniya, daga baya kowace jiha ta samu nata. Tsarin shi ne malamin gona ya riƙa zagayawa wajen wasu zaɓaɓɓun manoma duk bayan mako biyu, su kuma su isar wa sauran. Malamin namiji ne, manoman da aka zaɓa maza ne, maganar kuma ta masara ce da auduga da takin zamani. A gidan da ake kulle, baƙo namiji ba ya wuce zaure. Sai a ƙarshen shekarun 1980 aka kafa sashen mata a cikin waɗannan hukumomi, aka ɗauki malaman gona mata, amma ba su taɓa yin yawan da za su wadatar ba. Ba mu kaɗai ba ne. Wani bincike da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a ƙasashe 97 a 1988 da 1989 ya nuna kashi 5 cikin ɗari kacal na hidimar malaman gona ke isa ga mata, kuma mata kashi 15 ne kawai cikin malaman.

Rediyo ya yi abin da malamin gona ya kasa, domin shi ba ya neman izinin shiga gida. Sai dai rediyo bai san ranar da aka yi wa akuyarki barbara ba. Idan kuma shirin ya zo kina tsakiyar daka ko kin tafi ɗiban ruwa, ya wuce ke nan.

Da wayar salula ta iso, a Najeriya cikin watan Agustan 2001, masu aikin raya karkara farashi suka fara tunani. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa inda sabis ya shiga, tazarar farashin gero tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu. A Indiya, kamfanin Reuters ya fara tura wa manoma farashi da hasashen yanayi ta saƙon tes a 2007. Duk wannan ya yi amfani, amma wanda ya amfana shi ne mai zuwa kasuwa, mai waya a aljihu, mai iya karatu. Wato dai mutumin da ke zaure.

Wadda ta fara yin suna wajen juya saƙon tes zuwa ga dabba ita ce Su Kahumbu, wata manomiya a Kenya. Manhajarta mai suna iCow ta lashe gasar Apps4Africa a 2010, ta fara aiki a 2011. Dabarar ba ta da wuya: mai saniya zai yi rajistar ranar da aka yi mata barbara, na'ura ta riƙa lissafa masa watanni taran da saniya ke ɗauke da ciki, ta tuna masa lokacin da zai daina tatsa, da lokacin da zai sa ido don haihuwa, da inda zai samu likitan dabbobi mafi kusa. Abin da ya burge ni a nan shi ne saƙon ya san dabbar mutum, ya kuma zo a kan kari. To amma an gina shi ne a ƙasar da galibin masu kiwon shanun madara, maza da mata, sun yi makarantar boko.

Tun kafin iCow ta yi suna, an yi wani gwaji a gundumar Theni da ke jihar Tamil Nadu a kudancin Indiya, kuma a ganina shi ya fi kama da halin da matanmu ke ciki. Wajen 2009, wata ƙungiyar yankin mai suna Vidiyal, tare da hukumar ilimi daga nesa ta ƙasashe rainon Ingila, ta yi aiki da mata kusan 300 'yan ƙungiyoyin taimakon kai da kai, irin na adashi, waɗanda da yawansu ba su iya karatu ba. Banki ya ba kowace bashin da za ta sayi awaki tara da bunsuru ɗaya, da kuma wayar salula. A lura da wannan: an sa wayar a cikin jarin kiwo, daidai da bunsurun. Ba kyauta ba ce, ba kuma ta miji ba ce. Bashi ne da ita za ta biya, don haka babu mai cewa ta ba shi ya riƙe mata.

Sannan ba rubutu ake turo musu ba, murya ce. An shirya gajerun saƙonni kusan 500 cikin harshen Tamil, kowanne kamar minti ɗaya, da taimakon jami'ar koyon aikin likitan dabbobi ta jihar, a kan yadda ake zaɓen akuya a kasuwa, da abinci, da cututtuka, da sayarwa. Matan da kansu suka faɗi abin da suke so a yi magana a kai. Saƙo kan shigo sau uku zuwa biyar a rana, sau da yawa mace na jeji tana bin awakinta, wayar na cikin 'yar jakar zare da matan yankin suka saba zuba canjinsu a ciki. Idan ƙungiya ta zauna taronta, sai a maimaita abin da aka ji, wadda ta gane ta fahimtar da wadda ba ta gane ba. Wannan zaman shi ne rabin aikin. Minti ɗaya ba ya koya wa mutum kiwo, amma yana ba mata goma abin da za su tattauna, su gwada shi da abin da suka gada daga iyayensu.

A 2010 ƙungiyar kamfanonin waya ta duniya, GSMA, ta fitar da alƙaluman da suka bayyana dalilin da ya sa dabarar Theni ta sayen waya take da muhimmanci. A ƙasashe masu tasowa, matan da ke da waya sun gaza maza da kimanin miliyan 300. Tun daga lokacin tazarar ta ragu, amma a ƙauye har yau za ka tarar da gidan da waya ɗaya ce, tana aljihun maigida, ya tafi da ita gona ko cin rani. Saƙon da ke cewa a ware akuyar da ke zawo daga cikin sauran zai shigo da hantsi, shi kuma sai bayan isha'i zai dawo, in ya tuna ya ce, "Af, ɗazu an turo wani abu a kan awaki." Ga matsalar caji, ga ta kati.

Akwai kuma ta rubutun kansa. Mata da yawa a karkararmu sun yi makarantar allo ko Islamiyya, suna karanta baƙin Larabci, amma boko bai zauna musu ba, saƙon tes kuma da boko yake zuwa. Ko ga mai turawa akwai ƙaiƙayi: saƙo ɗaya haruffa 160 yake ɗauka, amma da zarar an sa harafi mai lanƙwasa irin ɗ ko ƙ ko ɓ, sai ya koma 70. Shi ya sa ake zubar da lanƙwasar, mai koyon karatu ta rasa ko ƙafa ake nufi ko kafa. A Nijar an tunkari abin ta wata fuskar. Daga 2009, a jihohin Doso da Damagaram, an sa koyon amfani da waya cikin azuzuwan yaƙi da jahilci na Hausa da Zabarmanci, maza daban mata daban, kuma ƙauyukan da aka yi haka sun fi sauran riƙe karatu da lissafi.

A Najeriya, babban abin da gwamnati ta yi da wayar manomi shi ne rabon taki da iri ta saƙon tes da aka fara a 2012, lokacin Akinwumi Adesina yana ministan noma. A farkon 2013 maganar samar wa manoma wayoyi miliyan 10 ta jawo ce-ce-ku-ce a kan kuɗin da za a kashe, har ta dusashe. Taki ne dai a gaba, turke na baya. Daga baya aka samu layukan da mutum ke kira ya danna lamba ya saurari bayani da harshensa, kamar layin 321 da ya faro daga Madagaska a 2010 ya iso Najeriya ta kamfanin Airtel, har da Hausa a ciki. A Mali kuma, a 2017, aka buɗe layin Garbal da ke gaya wa makiyaya inda ciyawa da ruwa suke da farashin dabbobi, ya bazu zuwa Burkina Faso da Nijar. Aiki ne mai kyau, sai dai an yi shi ne domin mai garken da ke tafiya mashekari, ba domin mai awaki huɗu a bayan ɗaki ba. Yau kuma, inda babbar waya ta shiga, mata da kansu suke tura wa juna saƙon murya ta WhatsApp, da hoton dabbar da ba ta da lafiya. A nan ne kuma shawarar kirki ke cakuɗuwa da ta mai cewa a ɗura wa kaza kafso na mutane.

Inda na fi damuwa shi ne abin da ke biyo bayan saƙon. Cututtuka biyu ne suka fi cin dukiyar mata. Ɗaya annobar awaki da tumaki ce da likitoci ke kira PPR, mai zuwa da zazzaɓi da majina da gyambon baki da zawo, wadda kan share mafi yawan garken da bai taɓa haɗuwa da ita ba. Ɗayar fakat ce ta kaji, wadda kan kwashe akurki cikin 'yan kwanaki, musamman da hunturu. Dukansu ba su da magani idan sun kama, amma dukansu suna da rigakafi, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ke jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana haɗa rigakafin biyun. Allura ɗaya ta PPR tana kare akuya aƙalla shekara uku. Na kaji akwai wanda ɗigo ne a ido, mai jure zafi, wanda mace za ta iya koyon yi da hannunta. An kawar da bushiyar shanu daga duniya a 2011, kuma a taron Abidjan na 2015 ƙasashe suka ɗau alkawarin kawar da PPR nan da 2030.

Waya za ta iya gaya wa mace duk wannan cikin minti ɗaya, da muryar 'yar'uwarta mace, da Hausar garinsu. Amma kwalbar rigakafin PPR ta dabbobi hamsin ce ko ɗari, tana buƙatar sanyi tun daga inda aka haɗa ta, kuma da zarar an sirka ta sai a ƙarar da ita cikin 'yan sa'o'i. Mai awaki huɗu ba za ta sa a buɗe mata kwalba ita kaɗai ba. Sai matan unguwa goma sha biyar ko ashirin sun yarda da rana ɗaya, sun haɗa kuɗin man babur ɗin malamin dabbobi, yara sun koro awakin zuwa ƙofar gidan mai unguwa da sanyin safiya. Saƙon da zai fi amfani a irin wannan ƙauye shi ne wanda zai shiga wayar uwar adashi ya ce mata malamin zai zo ranar Talata, kuma ranar Talatar ya zo.