Me ya sa ake kewaye-kewaye kafin a nemi abu wajen mutum?

Wai me ya sa in mutum yana son a yi masa abu ba ya faɗa kai tsaye?

Saboda ba buri ɗaya ne a ransa ba. Wani malamin ilimin sadarwa a Amurka, James Dillard, tun wajajen 1990 ya yi bayanin cewa kafin magana ta fito akwai buri, sai shiri, sannan furuci. Babban burin shi ne wanda ya kai ka wajen, misali abokinka ya ranci dubu ashirin kana so ya biya, toh amma a ƙarƙashinsa akwai wasu ƙanana da suke riƙe maka harshe, ba ka so zumunci ya lalace, ba ka so a ce ka cika son kuɗi, ba ka so ranka ya ɓaci a gaban mutane. Shi ya sa maimakon "ba ni kuɗina" sai ka ji ana "Abokina ya gida, ya yara? Wallahi an koma makaranta, ko da abin da ya samu?"

In bashin yana hannun yayanka ne ko surukinka fa?

Ai nan kunya kan danne babban burin gaba ɗaya. Wani sai ya tura ɗan aike, wani ya haƙura.

Toh me ya sa wasu sam ba su iya wannan ba?

Yadda kowa ya ɗauki magana ne ya bambanta. Wata malamar ilimin sadarwa, Barbara O'Keefe, a 1988 ta kasa shi gida uku. Akwai mai amayar da abin da ke cikinsa kawai, "ka ci amanata, na gaji da kai". Akwai mai kafa hujja da ƙa'ida, "alkawarin ƙarshen wata ka yi". Sai wanda zai juya lamarin yadda kowa zai fita da mutuncinsa, "na san kasuwa ta yi sanyi, mu raba shi huɗu, duk wata ka kawo dubu biyar". Ni dai na ukun nan ya fi burge ni, don shi kaɗai ne ya tsaya ya yi tunanin halin da ɗayan yake ciki.

Wannan ba wayo ba ne ko yaudara?

A'a, matuƙar ba ƙarya a ciki. In ka ce kuɗin makaranta ne toh ya zama da gaske ne. Abin da na fi ji wa tsoro shi ne kewayen ya yi yawa har saƙon ya ɓace, ku rabu yana zaton gaisuwa ce kawai ta kawo ka, kai kuma ka koma gida kana ƙunar rai.