Ƙannena masu neman aikin lafiya, ga abin da kwamitin intabiyu ke dubawa

Duk lokacin da aka buɗe ɗaukar ma'aikatan lafiya a Sakkwato, ko na gwamnati ne ko na ƙungiyoyin agaji, takardu kan taru har su fi ƙarfin tebur. Kowace shekara makarantar kimiyyar lafiya ta Sultan Abdurrahman da ke Gwadabawa da makarantun koyon jinya da ungozoma suna yaye ɗalibai, gurabe kuwa ba su kai yawan masu nema ba. Ni ma'aikaciyar lafiyar al'umma ce, na daɗe a aikin riga-kafi da awon ciki, kuma an sha zaunar da ni cikin masu tantancewa. Abin da zan faɗa muku shi ne abin da muke faɗa wa juna bayan mai neman aiki ya fita an rufe ƙofa.

Da yawa ana zubar da su tun kafin a ga fuskarsu, kuma takardunsu ne ke kayar da su. Suna a takardar sakandare Aisha Bello, a lasisi Aishatu Muhammad Bello, a katin NIN kuma wata shekarar haihuwa daban. Mai tantancewa ba shi da lokacin warware wannan, gefe zai ajiye. Idan kin san akwai saɓani, ki je kotu ki yi takardar rantsuwa tun yau, ki haɗa ta da sauran. Lasisin ma a duba shi: na ma'aikatan lafiyar al'umma daga hukumar rajistarsu ta ƙasa yake fitowa, na nas da ungozoma daga majalisar jinya da ungozoma, kuma dukkansu sabunta su ake yi. Lasisin da wa'adinsa ya ƙare ba ya shigar da kowa. Mai digiri ko babbar difloma ya haɗa da takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa, sai takardar shaidar ƙaramar hukuma. A zo da na asali a jaka, kwafi a hannu.

Takardar CV kuma, don Allah a daina karɓar ta aboki a canza suna kawai. Mukan ga guda biyar a jere da jimla iri ɗaya, har kuskuren rubutun iri ɗaya. Shafi ɗaya ko biyu ya isa. Maimakon ka ce kai mai ƙwazo ne mai haƙuri, rubuta inda ka yi aikin koyo, wata nawa, da abin da hannunka ya taɓa. Idan ka yi aikin gida-gida na allurar shan inna, ko rabon maganin zazzaɓin cizon sauro na damina da ake bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59, rubuta shi da sunan mazaɓar. Wasu suna jin kunyar sa wannan don aikin wucin gadi ne. Mu kuwa shi muke fara nema, domin wanda ya yi yawo a rana da akwatin sanyi a kafaɗa ya riga ya san abin da aikin ya ƙunsa.

Yanzu sai cikin ɗakin, inda maganar take. Yawancinku kun haddace ma'anoni da Turanci, kuna jira a tambaye ku ku zubo. Ba safai ake tambayar haka ba. Abin da aka fi yi shi ne a ajiye maka abu a gaba. Wata cikin kwamiti za ta gyara mayafi ta zama uwa, ta ce: "Malam, yaron ga shina zawo tun jiya, ko nono bai kamawa." Sai a zuba maka ido. Wanda ya san aiki zai fara da gaisuwa, ya tambayi watannin yaron, sau nawa ya yi, akwai jini ko babu, yana iya sha ko yana amayar da komai. Zai ce zai duba idanu ko sun faɗa, ya ɗan ja fatar ciki ya ga ko tana komawa da sauri. Sannan ya bayyana mata da Hausar da za ta gane yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari na leda a cikin ruwa mai tsabta daidai ma'aunin da aka rubuta, a zubar da ragowar bayan awa 24, a ba da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya, a ci gaba da shayarwa. Mafi muhimmanci, ya san cewa yaron da ya kasa kama nono ba na ajiyewa a ƙaramin asibiti ba ne, turawa ake yi babba nan take. Wanda ya faɗi wannan na ƙarshe ba tare da an ja shi ba, sunansa ya shiga takardata.

Haka ake miƙo tef ɗin awon damtsen yaro, mai launuka, a ce gwada. Launin ja yana ƙasa da santimita 11.5, wato tamowa mai tsanani, rawaya daga nan zuwa 12.5. Ko a miƙo kwalbar riga-kafi a ce za ka yi amfani da ita? Ana so ka juya ta ka duba ranar lalacewa, ka duba ɗan murabba'in da ke cikin da'ira a jikinta: idan ya yi duhu kamar da'irar ko ya fi ta, zafi ya gama da maganin. A garin da zafin bazara ke haura digiri 40, wanda bai san ana ajiye allurar a digiri 2 zuwa 8 ba, ba a ba shi firji. Jadawalin riga-kafin yara ma ya zauna a ka: BCG, wato ta tarin fuka, ranar haihuwa, penta mai kare cututtuka biyar a mako 6 da 10 da 14, ƙyanda a wata 9.

Idan an tambaye ki abin da ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba, amma ga wanda za ki tambaya ko inda za ki duba. A aikinmu mai ƙirƙiro amsa shi ne abin tsoro, don gobe a kan ɗan mutane zai ƙirƙiro ta. Kuma a ɗaga murya. Na san tarbiyyarmu ce a sunkuyar da kai gaban manya, ba kuwa laifi ba ne, amma idan ba mu ji ki a ɗaki ba, yaya mata talatin za su ji ki ranar awo?

Akwai tambayar da kusan ba ta wucewa: za ka zauna inda aka tura ka? Jihar nan ƙananan hukumomi 23 gare ta, kuma buƙatar ba a cikin birni take ba. Kowa ya san halin tsaro a gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni, kwamiti ma ya sani. Kada ka ce "ko'ina" don a ɗauke ka, bayan wata biyu ka fara yawon neman a dawo da kai gari. Faɗi gaskiyar inda za ka iya zama, idan kana da dangi ko masauki a can ka ambata, wannan ƙarin maki ne. Matar aure ta gama magana da maigida kafin ranar, ba bayan takarda ta fito ba.

Sai masu sayar da gurbi. Za a turo maka saƙo a WhatsApp da tambarin hukuma, a ce tura kuɗin fom ko na "tabbatar da suna" zuwa wani asusu mai sunan mutum. Ƙungiyoyin agaji na gaskiya ba sa karɓar ko sisi a kan ɗaukar aiki, galibi ma sukan rubuta haka a ƙasan sanarwarsu. Kafin ka tura takardunka ko lambar NIN ɗinka ga kowa, taka da ƙafarka zuwa ofishin da aka ambata, ko sashen lafiya na ƙaramar hukumarku, ka tambaya ko sanarwar daga gare su ta fito.