Kwashe shafukan intanet daga tsohon faifan kwamfuta zuwa sabo

Masu gina shafukan intanet kan fara aikin ne a cikin kwamfutarsu, kafin su ɗora shi inda duniya za ta gani. Suna amfani da manhajoji irin su XAMPP da WampServer da MAMP, waɗanda ke mai da kwamfuta ƙaramar uwar garke, wato na'urar da ke riƙe shafi tana miƙa shi ga mai son buɗewa. Idan faifan ajiya ya cika, ko ya fara ciwo, ko an sayi sabo mai sauri, dole a kwashe waɗannan shafuka a kai su sabon wuri. A nan ne mutane da yawa kan rasa aikin watanni, domin shafi ba a wuri guda yake zaune ba.

Sashe na farko shi ne fayiloli. A XAMPP suna cikin foldar htdocs, a WampServer cikin www, a yawancin kwamfutocin Linux kuma cikin /var/www/html. Shafin da ba shi da komai sai HTML da hotuna, kwafin foldar ya wadatar. Haka ma shafukan da aka sauke da HTTrack don karantawa ba tare da intanet ba, muddin an ɗauki foldar gaba ɗaya. Sai dai a kula da .htaccess, ƙaramin fayil ɗin saituna da ke tsara adireshin shafuka, wanda Linux da macOS ke ɓoyewa saboda ɗigon da ke farkon sunansa. Idan aka bar shi a baya, shafin farko na iya buɗewa, sauran kuwa su ƙi.

Sashe na biyu, wanda ya fi wuya, shi ne rumbun bayanai. WordPress, manhajar gina shafuka da ta fito a 2003, yana ajiye hotuna da jigo (tsarin kamannin shafi) a foldar wp-content, amma rubuce-rubuce da sunayen masu shiga da saituna duk suna cikin MySQL ko MariaDB, manhajojin da ke riƙe rumbun bayanai. Wanda ya kwafi htdocs kaɗai ya ɗauki tukunya ne ya bar miyar. Wasu kan kwafi foldar data ta MySQL kai tsaye, kuma wannan ganganci ne. Tun daga MySQL 5.5, InnoDB ne tsarin ajiya na asali, kuma teburansa, wato jadawalan da ake jera bayanai a ciki, sun dogara da fayil ɗin ibdata1 da wasu fayilolin da ke tare da shi. Idan aka kwafe su manhajar na aiki, ko aka ɗauki wasu aka bar wasu, teburan ba za su buɗu ba. Hanyar da ta fi aminci ita ce fitar da rumbun zuwa fayil mai ƙarshen .sql, ta phpMyAdmin, manhajar sarrafa rumbun, ko da umarnin mysqldump, sannan a shigar da shi a sabon wurin.

Masu rubutu da Hausa suna da wani abin lura na musamman. Haruffan ƙ da ɗ da ɓ ba sa cikin tsohon tsarin haruffa na latin1. Idan tsarin haruffa ya saɓa tsakanin fitarwa da shigarwa, sai ƙ ta koma Æ™, kalmar ƙasa ta zama Æ™asa a ko'ina cikin shafin. Maganin shi ne a tsaya a kan utf8mb4, tsarin da ke ɗauke da waɗannan haruffa, a duka ɓangarorin, kuma a buɗe wata maƙala a duba da ido.

Bayan kwashewa akwai gyare-gyare. Fayil ɗin wp-config.php na WordPress yana ɗauke da sunan rumbun da kalmar sirri, dole su dace da na sabon wurin. Idan harafin faifan ya sauya daga C zuwa D, sai a gyara hanyoyin da ke cikin httpd.conf da httpd-vhosts.conf, fayilolin saitunan uwar garke. Idan adireshin shafin ya sauya, kada a musanya shi da hannu a cikin fayil ɗin .sql, domin WordPress yana rubuta yawan haruffan wasu saituna tare da su, kuma ƙidayar na saɓawa saitin zai lalace. Umarnin search-replace na WP-CLI, manhajar sarrafa WordPress ta rubuta umarni, yana gyara ƙidayar da kansa. Sigar PHP, harshen da aka rubuta WordPress da shi, ma tana da tasiri: tsohon shafi na iya tsayawa cik a kan PHP 8, da ya fito a 2020.

Wajen kwafin kansa, umarnin robocopy a Windows da rsync a Linux sun fi jan folda da linzami, don suna iya ci gaba idan wuta ta ɗauke. Faifan da aka tsara da tsarin fayiloli na FAT32 ba ya karɓar fayil da ya kai gigabait 4, saboda haka NTFS ko exFAT ya fi dacewa.

Ƙa'idar 3-2-1, wadda mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa, ta ce a riƙe kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Tsohon faifan yana iya zama ɗaya daga cikinsu, don haka kada a goge shi sai an kunna kowane shafi a sabon, an shiga ɓangaren gudanarwa, an tabbatar hotuna da rubutu sun fito daidai.