Gyaran tsakar gida a Katsina: tambayoyi da amsoshi kafin a zuba siminti

Muna kashe kuɗi a kan falo, alhali rabin rayuwar iyali a tsakar gida take. Nan ake girki da shanya, nan kuma ake baza tabarma idan zafin Afrilu ya hana kwana a ɗaki. Ga abubuwan da masu shirin gyara wurin suka fi tambaya.

Daga ina zan fara?

Daga ruwa. Kafin ka sayi buhun siminti ko ɗaya, ka lura da inda ruwan sama yake bi da inda yake kwanciya, musamman a watan Agusta da damina ta kankama. A yi wa filin gangara ta kimanin santimita 2 a kowace mita, daga jikin ɗakuna zuwa rariya, kuma daɓen ya zauna ƙasa da dokin ƙofa. Inda indararo ke zubowa a ƙara masa ƙarfi, don nan yake fara zaizayewa. Ruwan da ya kwanta a gindin bango yana jiƙa tushen gini, ya tara sauro, wani lokaci ya haɗa ka rigima da maƙwabci idan ta wajensa ya ɓulle. Sannan ka zauna da uwargida tun kafin magini ya ja igiya. Ita ta san inda murhu ya dace da inda rana ke dukan mai wanke-wanke.

Siminti, intalok ko daɓen gargajiya?

Siminti ya fi sauƙin shara, sai dai yana ɗaukar zafi, kuma idan ya tsage ko an yi faci sai tabon ya fito. Intalok ya fi tsada, amma ranar da bututun ruwa ya fashe a ƙasa, ɗaga shi za a yi a gyara a mayar. Mai kaurin milimita 60 ya isa wurin zama. Inda mota za ta hau a sa mai 80. Daɓen iyayenmu kuwa, wanda mata ke bugawa da madaɓi a kan tsakuwa, su yayyafa ruwan makuba ta kwasfar ɗorawa, har gobe ina ganin ƙimarsa: bai gasa ƙafa kamar siminti. Kulawa kawai yake so bayan kowace damina.

Ko wanne ka zaɓa, don Allah kada ka rufe filin duka. Bar wani gefe ƙasa ta sha ruwa.

Me ke sa daɓen siminti tsagewa?

Yawanci gaggawa da rage kaya. A kwashe ƙasa mai laushi, a zuba jar ƙasa, a jiƙa, a danne ta sosai. Kaurin kankare ya kai santimita 10, kwaɓin kuma kwanon sarki ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. A yanka layi kusan kowace mita 3, don idan zai tsage ya bi ta nan. Kada lebura ya cika ruwa a kwaɓi don aiki ya yi masa sauƙi, ƙarfin daɓen yake ragewa.

Rumfa fa, ina za ta fuskanta?

Hadarinmu daga gabas ya fi tasowa, ranar la'asar kuma ta yamma take duka, saboda haka kudu ko arewa ya fi. Kwano zalla yana zafi, a ɗaga shi sama ko a shimfiɗa zana a ƙarƙashinsa. Dirkokin katako a shafa musu maganin gara. Bedi na da inuwa mai daɗi, amma saiwarsa na ɗaga daɓe, a nisanta shi da bango da sokawe.

Wane lokaci ya fi dacewa da aikin?

Bayan ɗaukewar ruwa, daga ƙarshen Oktoba. Amma iskar hunturu tana busar da siminti kafin ya kama, don haka a rufe shi da buhuna, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma na aƙalla kwana 7, a kuma hana yara da awaki hawa.