Cika harsashi da hannu don bindiga mai liba (wadda ake ja mata hannu a ƙasa don ɗora harsashi) da tsofaffin bindigogi

Tambayoyin nan su ake ta maimaitawa, to ga amsarsu sau ɗaya. Maganar ta Amurka ce, inda doka ta bai wa mutum damar cika harsashinsa a gida.

Zan iya sa harsashi mai tsinin kai a bindiga mai liba irin Winchester 1894?

A'a. Harsasai a jere suke a bututun da ke ƙarƙashin bakin bindigar, kan na baya yana zungurar firaimar na gaba, wato ƴar ƙwayar da ke tada wuta a gindin kwanso. Bindiga na yin tokari, tsinin na iya tada ta, bututun ya fashe a hannunka na hagu. Mai faɗin kai ake sawa, ko kuma kan FTX na kamfanin Hornady mai tsinin roba.

Mene ne ma'anar .45-70?

Sunan harsashi ne: faɗin kai inci 0.45, da giren 70 na baƙin albarushi (giren ɗan ƙaramin ma'aunin nauyi ne). Sojan Amurka ya karɓe shi a 1873. Suna ne kawai, kada ka mai da shi ma'auni.

Dole ne a matse bakin kwanso?

Dole. Sifirin da ke cikin bututun na tura harsasai, tokari na buga su. Wanda ba a matse ba kansa zai nutse cikin kwanso, fili ya ragu, matsi ya hau. Ka datse kwansunan su zama tsawo ɗaya tukuna, in ba haka ba wani ya matsu, wani ya yi sako-sako. Wuyan kwanson harsashin .44-40 kuwa siriri ne ƙwarai, ka yi masa gaggawa ya lanƙwashe.

Ina da Springfield Trapdoor ta asali. Albarushi marar hayaƙi zai yi?

To, nan ne maganar take da tsawo. Zai iya yi, amma da sharuɗɗa, kuma ba wanda zai ce maka e bai ga bindigar ba. Tsohuwar bindigar sojan Amurka ce, an ƙera ta ne don baƙin albarushi, ƙarfenta ya haura shekara ɗari, makullin gindinta kuma murfi ne da ake ɗagawa. Kafin komai maƙerin bindiga ya duba ko akwai tsaga, ko tsatsa ta ci ɗakin harsashi, ko murfin na wasa.

In ta tsallake wannan, buɗe littafin ma'auni, wato mai faɗin yawan albarushin da ake zubawa. Za ka tarar an raba ma'aunin .45-70 gida uku bisa ƙarfin bindiga: na Trapdoor, na Marlin 1895 ta zamani, da na Ruger No. 1. Kwanson iri ɗaya ne, duka ukun za su shiga bindigarka lafiya lau, kuma nan haɗarin yake. Naka shi ne na farko kaɗai, kuma daga mafi ƙanƙantar ma'auni za ka fara. Kada ka jira alamar matsi a jikin firaima, domin tsohuwar bindiga na iya karyewa kafin alamar ta fito.

Sai zubi biyu. Kwanson babba ne, albarushi mai saurin ci kuwa ɗan kaɗan ake sawa, har zubi biyu ya shige ba ka lura ba. Jera kwansunan, haska tocila cikin kowanne kafin ka ɗora kai. Wasu na cusa auduga ko makamancinta don cike gurbin, ana kuma danganta hakan da kumburin zobe a ɗakin harsashi. Ni dai ba na ba da shawararsa.

A ganina baƙin albarushi ya fi kwanciyar hankali ga irin wannan bindiga, da Winchester 1873 ma, wadda makullinta ba shi da ƙarfi. Ƙa'idarsa dabam ce: ba a barin iska tsakaninsa da gindin kan harsashi, ana ɗan danne shi. Giren 70 ɗin nan da wuya ya shiga kwanson zamani sai da dannewa sosai, saboda gindinsa ya fi na da kauri. Kada hakan ya dame ka.

Nawa zan zuba?

Littafi. Ba ni ba, ba abokinka ba. Kuma da sikeli ake aunawa.

Darma na mannewa a cikin bakin bindiga, harsashi ba ya zuwa inda aka saita. Bindigar ta mutu ke nan?

Kwantar da hankalinka, yawanci kan ne ya yi mata ƙanƙanta. Tsofaffin bakuna ba su da faɗi ɗaya: a .44-40 ana samun daga inci 0.427 har 0.430. Shafa wa dunƙulen darma mai laushi mai, tura shi ta cikin bakin da sandar katako ko ta tagulla, sannan ka auna shi. Zaɓi kai wanda ya fi wannan awon da inci 0.001 zuwa 0.002. In ya gaza, iskar wuta na bi ta gefensa tana narkar da darmar. Ka dai gwada ko harsashin zai shiga ɗaki da kan mai kauri kafin ka cika ɗari.

Liba na cijewa.

Auna tsawon harsashin. A .30-30 da .45-70 iyakar ita ce inci 2.550. In ya wuce, abin ɗaga harsashi ba zai kai shi ɗaki ba. Kada ka danna da ƙarfi.

A Najeriya fa?

Dokar makamai ta hana ƙera ko haɗa harsashi ba da izinin hukuma ba. Magana ta ƙare.

Wanki bayan baƙin albarushi zai iya jira gobe?

Haba malam. Tokarsa na jan danshi, tsatsa kuma ba ta jira. Ruwan zafi da sabulu a ranar, a busar sarai, a shafa mai. Kwansunan ma a cire firaimarsu a jiƙa su a ruwan sabulu, in ba haka ba tagullar za ta ci, ta tsage a harbi na gaba.