Kuskuren Ba da Magani a Doguwar Jinya

Kuskuren ba da magani shi ne a ba majinyaci maganin da ba nasa ba, ko a wuce ƙima, ko a gaza ta, ko a saɓa lokaci. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin rage mummunar illarsa da rabi cikin shekara biyar, ta kuma ƙiyasta asarar da yake jawo wa duniya a kan dala biliyan 42 duk shekara.

A karkarar Kano da Jigawa, doguwar jinya a gida ake yin ta. Tsoho mai hawan jini, ciwon suga ko shanyewar ɓarin jiki yana hannun matarsa da suruka da jikoki, kuma yawan hannun nan shi ne tushen matsalar. Suruka ta ba shi ƙwaya da hantsi ta tafi barka, jika ya shigo ya sake ba shi. Ƙwayoyin ma sau da yawa a 'yar leda suke zuwa daga kemis, ba suna, sai zanen biro biyu ko uku, ga su duk farare.

Wasu kurakuran sun fi wasu haɗari. Glibenclamide, maganin ciwon suga, na iya kayar da sugan tsoho idan bai ci abinci ba, musamman da azumi: sai gumi, karkarwa da ruɗewa, har a ɗauka iska ce. Diclofenac da ibuprofen, da ake saye don ciwon gwiwa, suna tayar da hawan jini, suna taɓa ƙoda da ciki. Akwai kuma ƙwayoyin da aka yi su don su narke a hankali, kamar wani nau'in nifedipine, maganin hawan jini. Daka su a zuba a kunu yana sakin maganin gaba ɗaya.

Rigakafin bai da tsada. Mutum ɗaya ya riƙe ragamar maganin, a rubuta sunan kowanne da boko ko ajami, a ɗaura lokacin sha da lokutan salla bisa shawarar ma'aikacin lafiya, a ja layi a takarda da zarar an ba da. Ranar komawa asibiti a tafi da komai a jaka guda, har da jiƙo da abin da aka sayo ranar kasuwa, domin likita ba ya sanin abin da ba a nuna masa ba. Wajen saye a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Insulin kuwa, wato allurar masu ciwon suga, ba ya jure zafin bazara. Inda babu firji, a sa shi a leda a ajiye a sanyin randa.